Wa Zai Riƙe Mata Yaron Zuwa La'asar? Darasi Daga Kerala Zuwa Bagudo

Idan azumi ya kama, ko salla ta matso, ko wani ɗan siyasa ya tashi neman albarka, naƙasassu na cikin waɗanda ake tunawa da su a garuruwanmu. A aika wa sarkin makafi, a aika wa sarkin guragu, a kira shugaban kurame, kowa ya zo da sunayen mutanensa. A kafa rumfa, a jera buhunan shinkafa da gero da turamen atamfa, wani lokaci har da kekunan guragu, a ɗauki hoto, a watse. Ban raina wannan ba, wanda ya kwana da yunwa shi ya san darajar tiyar gero. Sai dai akwai wasu naƙasassu da ba a ganinsu a rumfar, domin ba su da sarki, ba su iya bin layi, ba su ma san ana rabo ba. Su ne yaran da ƙwaƙwalwarsu ba ta girma tare da jikinsu ba: ɗan shekara goma da bai iya haɗa magana ba, ɗan sha biyar da har yau sai an yi masa tsarki, yarinyar da ta isa aure amma ba ta san bakin rijiya abin tsoro ba ne. Suna can ƙuryar gida, kuma duk inda ka ga ɗaya, akwai mace guda da ta ajiye komai nata saboda shi.

Ba 'yan kaɗan ba ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi mutum kimanin 238,000. Masana lafiya sun ƙiyasta cewa a duniya kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke da wannan naƙasa, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe matalauta. Ko da tsohuwar ƙidayar aka yi lissafi, ana maganar mutum sama da 2,000 tsakanin Bagudo da Illo da Lolo da Kaoje da Zagga da Tsamiya, da rugage da tungayen masunta na bakin kogin Kwara. Abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro kuwa duk suna nan tare da mu. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, babu jihar da ta kai haka, shi ya sa da aka fara rigakafin zazzaɓin a Disamban 2024 aka soma da Kebbi da Bayelsa. Zazzaɓin da ya hau kai, yaro ya yi ta sanƙamewa har ya suma, yakan tafi ya bar tabo. Haka sanƙarau, wanda ya sake ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025. Ga doguwar naƙuda, a haifi jariri bai yi kuka ba. Ga shawarar jarirai, wadda ake cewa a shanya shi a hantsi za ta wuce, alhali idan ta yi tsanani ƙwaƙwalwa take ci. Kafur ɗin nan da iyaye mata ke jefawa cikin akwatin kayan jariri don ƙamshi, yana cikin abin da ke tayar da ita ga jariran da jininsu bai jure shi.

Mu leƙa gida ɗaya lokacin girbin shinkafa. Maza sun tafi fadama tun da asuba. Matan gidan kowa na neman na kanta: wannan na turara shinkafa tana shanya, waccan na suyar ƙuli, wata ta shirya za ta kasuwa. Uwar yaron ita ma tana da tukunya a wuta da ruwan zafi a gefe, ga ɗanta mai ƙarfi kamar kowane yaro amma bai san wuta ba, bai san kogi ba, kuma da an bar ƙofa a buɗe ya fice. Abin da take yi ke nan: ko ta kulle shi a ɗaki, ko ta ɗaure ƙafarsa da tsohon zane a jikin turke, ko ta hana yayarsa zuwa makaranta ta zauna gadinsa. Wanda ya shigo daga waje zai ce rashin imani ne. Ba shi ba ne, hannu biyu ne gare ta. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, ta'aziyya ma sai ta leƙa a tsaye ta dawo. Islamiyyar matan aure ta bar ta tuntuni. A gefe ga maganganu: wani ya ce ɗan ruwa ne aka musanya mata, wata ta ce ta yi yawon magariba da ciki, kishiya ta ce a danginsu ne. An kai shi wurin mai magani a wannan ƙetaren, an kai shi na wancan ƙetaren, akuya ta tafi, kuɗin gumi sun tafi. Idan ka tambaye ta, "Amana ce Allah Ya ba ni" za ta ce maka. Sai ta saki jiki da kai za ka ji ɗaya maganar: "Ni tunanina, in na mutu wa zai riƙe shi?"

Buhun shinkafa na azumi bai amsa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ta rasa lokaci ne, wurin da za ta kai yaron da safe hankalinta kwance, ta karɓe shi da la'asar, yau da gobe da jibi.

Akwai inda aka gane haka aka kuma yi wani abu a kai. Jihar Kerala tana kudu maso yammacin Indiya, a bakin teku, da mutum sama da miliyan 33, kusan kashi ɗaya cikin huɗu Musulmi. Su ma mutanen shinkafa da kifi ne. A 1998 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin yaƙi da talauci mai suna Kudumbashree, ta kuma ɗora shi a kan mata. A kowace unguwa mata goma zuwa ashirin, ɗaya daga kowane gida, suna haɗuwa mako-mako a gidan ɗayarsu, kowa ta zuba abin da ya sawwaƙa, a rubuta a littafi, mai bukata ta ranta ta biya. Duk macen da ta taɓa zubin adashe ta san wannan. Abin da suka ƙara shi ne, ƙungiyoyin unguwa sun haɗu sun zama na mazaɓa, na mazaɓu sun haɗu a matakin majalisar karkara da suke kira panchayat, majalisar kuma ta yarda su ne idonta a cikin gidaje. Yau matan da ke ciki sun haura miliyan 4.

Bayan 'yan shekaru sai aka lura akwai gidajen da ko adashen ba su iya shiga ba, talaucinsu ya wuce nan. Aka fito da wani reshe mai suna Asraya don a zaƙulo su. Ba a tambayi kowa nawa yake samu a wata ba, tambayar da babu mai faɗin gaskiya a kanta. Alamomin da ido ke gani aka bi: gidan da ba bayi, gidan da ruwan sha ke nesa, gidan da mace ce kaɗai ke riƙe da shi, gidan da ke da naƙasasshe ko mai doguwar jinya. Maƙwabta mata ne suka yi ta shiga suna rubutawa, kuma a cikin abin da suka yi ta tararwa har da yaran nan da ke rufe a ɗaka, da iyaye matan da ba su fita neman ko sisi saboda su. A 2004 majalisar karkarar Venganoor, kusa da babban birnin jihar, Thiruvananthapuram, ta buɗe wa irin waɗannan yara makarantar jeka-ka-dawo ta farko, aka sa mata suna BUDS. Garin ba baƙon irin wannan ba ne. Nan ne mahaifar Ayyankali, mutumin da a farkon ƙarni na 20 ya kafa wa 'ya'yan waɗanda ake ƙyama makaranta, lokacin da aka hana su zama aji ɗaya da 'ya'yan manya.

A inda abin ya zauna daidai, ga yadda wuni ke tafiya. Mota ta bi gida-gida da safe, da mai reno a ciki da ta san kowane yaro da halinsa. A makarantar akwai malamar da ta sami horo na musamman, da masu reno, da mai dafa abinci. Karatun ba na allo da alli ba ne kawai. Ana koya wa yaro ya kai loma bakinsa da hannunsa, ya nuna yana jin fitsari kafin ya saki, ya ɓalla maɓallin riga, ya bambanta kuɗi, ya tsaya kafin ya tsallaka titi. Wanda kansa zai ɗauki baƙi da lissafi a koya masa. Masu gashin ƙashi da masu koyar da magana suna zagayowa. A ci abincin rana, da yamma a mai da kowa gida, kuma iyaye ba su biyan ko sisi. Da yaran farko suka girma, sai aka ga shekara 18 ba ta warkar da kowa, aka buɗe cibiyoyin manya, inda suke yin alƙalamin takarda da littattafan rubutu da sabulu, wasu suna aikin lambu. Iyaye mata da dama da ke rako 'ya'yansu an sama musu sana'a a nan gefe. Makarantun da cibiyoyin yanzu sun haura 300.

Mai karatu ya lura da wanda ya mallaki makarantar. Ba wata ƙungiyar Turawa ba ce da za ta naɗe tabarmarta in kuɗin shiri sun ƙare, ba kuma gidauniyar matar wani mai mulki ba ce da za ta yi shiru ranar da mijin ya sauka. Majalisar karkara ce ke da ita, a kasafinta take, kuma iyayen yaran na cikin kwamitin da ke tafiyar da ita. Hakan ya yiwu ne saboda tun 1996 Kerala ta yanke shawarar miƙa wa ƙananan majalisu kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin ayyukan raya ƙasa, su tsara abin da za su yi da shi a gaban jama'arsu. Masu hali da 'yan kasuwa suna taimakawa, wani ya ba da fili, wani ya sayi mota, wani ya ɗauki nauyin abinci. Amma sadakarsu tana faɗawa ne cikin abin da ke tsaye da ƙafarsa.

A gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa, an nuna wata fuskar ta wannan tunani. Tun wajen 2001 unguwanni suka haɗa 'yan sa-kai masu bin majinyatan da ke kwance a gida, kuma mafi yawan kuɗin aikin daga ƙananan gudummawa yake fitowa: akwatin sadaka a kan kantar mai shago, ɗan abin da gida ke bayarwa duk wata, abin da ɗalibai ke tarawa. Kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, amma ba su yankewa. Albashin mai reno da irin wannan ake biyansa, ba da miliyan guda da za a bayar sau ɗaya a gaban 'yan jarida ba.

Kada a ɗauka aljanna ce. Kerala na da wani ɗan tallafi na wata-wata ga masu jinyar naƙasassu a gida, wanda ya sha tsayawa wata da watanni ba a biya ba. Malaman makarantun BUDS sun daɗe suna kukan ƙarancin albashi. A gundumar Kasaragod, inda aka shafe shekara fiye da ashirin ana fesa maganin ƙwari na endosulfan a gonakin kashu daga jirgin sama, aka kuma yi ta haifar yara da naƙasa kafin Kotun Ƙolin Indiya ta haramta shi a 2011, iyaye mata sai da suka yi ta zaman dirshan kafin a gyara wasu makarantun. Akwai kuma masu suka daga wani gefen, da ke cewa ware yaran a makarantarsu daban wariya ce, kamata ya yi su zauna aji ɗaya da kowa. Suna da hujja. Yaron da zai iya zama cikin aji, hana shi zalunci ne. Amma duk wanda ya san ajin firamaren ƙauye a wajenmu, malami ɗaya da yara cunkus a ƙasa, ya san abin da zai sami yaron da bai iya magana ba idan aka jefa shi ciki ba mai kula: zai koma bayan aji ana tsokanarsa har ya ƙi zuwa. A ganina mafita ita ce ɗakin nasu ya kasance cikin harabar firamare ko Islamiyya, su shiga ta ƙofa ɗaya da sauran yara, su yi tara tare, wanda ya ƙware a matsar da shi aji.

Na san abin da wani zai ce: a Kebbi masu lafiyar ma nawa ne ba su makaranta, sai a fara da waɗanda ba za su zama likita ko malami ba? Amsar tana cikin gidan da muka leƙa. Yaro ɗaya ne naƙasasshe, amma mutum uku ya tsayar: shi, da uwarsa da ba ta sana'a, da yayarsa da aka cire daga aji. Ɗaki guda mai yara ashirin, mata ashirin ya sallama su nemi abinci, kuma 'yan mata da dama ya mayar makaranta.

A takarda ba mu rasa komai ba. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, aka kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. A Legas akwai gidauniyar masu lalurar Down da Rose Mordi ta kafa a 2001, ita ma uwa ce da ta haifi irin yarinyar. A Sakkwato akwai makarantar musamman ta A. A. Raji, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Duk waɗannan na birni ne, kuma macen da ke tungar masunta a bayan Illo ba za ta ɗauki yaron da bai iya faɗin sunansa ba ta kai shi kwana a wata jiha. Asibiti ma iyakarsa ke nan: wannan naƙasa ba a warkar da ita da ƙwaya. Abin da magani ke yi, kuma yana yi sosai, shi ne tsayar da farfaɗiyar da ke tare da da yawa daga cikin masu tsananin lalurar, da ƙwayoyi masu araha, in dai ba a yanke sha ba. Wurin da yaran ke taruwa kullum shi ne inda ma'aikacin lafiya zai same su gaba ɗaya sau ɗaya a wata.

Kayan aikin kuwa muna da su, ba a dai haɗa su ba ne. Matan da za su ƙirga suna nan: uwayen adashe, malaman Islamiyyar mata, ungozomomi, da matan da suka shekara da shekaru suna bin gida-gida da rigakafin shan inna, waɗanda babu zauren da ba su wuce ba. Namiji da takarda a hannu zai tsaya a ƙofar gida a ce masa lafiya lau. Ungozomar da ta yanke cibiyar yaron ba a ɓoye mata shi.

Kuɗin ma akwai inda za su fito. Ƙasar Bagudo ƙasar shinkafa ce, kuma shinkafa na da zakka: ɗaya cikin goma ga wadda ruwan sama ko ambaliya ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga ta rani da aka shayar da inji. Malamanmu na Malikiyya za su tuna mana cewa zakka ba a gini da ita, hakkin mutane ne da aka ambata a Suratut Tauba. To, mafi yawan gidajen nan faƙirai ne, sun shiga ciki, sai dai a riƙa ba su da tsari wata-wata maimakon a juye musu rana ɗaya. Gini da albashi kuwa aikin waƙafi ne. Attajiri ɗaya da zai tsayar da kadada biyu ta fadama, ko shaguna uku a kasuwa, ya ce amfaninsu na mai reno da mai dafa abinci ne har abada, ya yi sadaka mai gudana da ba ta gaza rijiya ba. Maƙwabtanmu na Sakkwato sun kafa Hukumar Zakka da Waƙafi mai kwamitoci a gundumomin hakimai, har tana ɗaukar nauyin jinyar masu taɓin hankali, don haka ba sabon abu za a ƙirƙiro ba. Ita kuwa ƙaramar hukuma, tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ta kuɗinta kai tsaye. Kowa ya ga yadda aiwatar da hukuncin ke jan ƙafa. Duk da haka albashin malami ɗaya da ɗaki ɗaya a firamaren da ke tsaye bai fi ƙarfin kowace majalisa ba. Mota ma ba dole ba ce, Keke Napep ya isa, wani wurin kwalekwale.

Sai maganar iyakarmu da Benin. Daga Lolo hanya ta miƙe zuwa Madekali da Malanbil, daga Tsamiya zuwa Segbana. Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawa na ɓangarorin biyu dangin juna ne, ana aure, ana cin kasuwa, ana zuwa jinya. Rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019 ya tsayar da manyan motoci, bai raba zumunta ba. Mace za ta haihu a gidan miji a Benin, aure ya mutu saboda yaron, ta dawo gidan ubanta a Najeriya da shi a goye. Duk littafin da za a buɗe, kada a tambaye ta takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa kafin a rubuta yaron, ya isa mai unguwa ya san a nan yake kwana. Kuma ba sai an je Indiya ba kafin a ga wani abu: Benin ta fara shirin kula da naƙasassu a cikin al'ummarsu tun ƙarshen shekarun 1980, ta hannun cibiyoyin jin daɗin jama'a na gundumomi, ta kuma yi dokar kare hakkinsu a 2017. Jami'in walwala na Bagudo zai iya zuwa Malanbil ya ga yadda suke yi, mai kyau da marar kyau, ya kwana a gida.

Kirana ga hakimai da limaman Juma'a da shugaban ƙaramar hukuma shi ne a zaɓi mazaɓa ɗaya tak, a ba matan unguwanni littafi su ƙirgo yaran kafin shinkafar bana ta shigo gida, don ranar fitar da zakka a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kai kuma Alhaji da ke shirin rabon azumi mai zuwa, kafin ka yi odar buhuna, aika uwargida ta shiga ɗaya daga cikin gidajen nan ta tambayi uwar yaron me take so.